Addinin Ɗan Takara da Ƙuri'ar Mai Bi



Akwai wata gardama da takan tashi a ƙofar majami'a duk lokacin da ake maganar zaɓe. Wani ya ce, "In Kirista ya tsaya, ai dole mu ba shi, gama namu ne." Wani ya ce, "Wane ba ya fashin salla, mai tsoron Allah ne, shi ya cancanta." Wani kuma ya ce, "An ce wane ya daɗe a Turai, ba ya salla, ba ya zuwa majami'a, bai ma yarda akwai Allah ba. Yaya za mu ba shi?" Kowa yana jin yana da gaskiya. To, me Maganar Allah ta koya mana? Ka tara mutanen gidanka, ku karanta wannan takarda tare, ku buɗe wuraren da aka ambata cikin Littafi Mai Tsarki.

HALIN DA MUKE CIKI

Bisa ga ƙidayar 2012, cikin mutum 100 a Nijar fiye da 99 Musulmi ne. Tun daga Jori Hamani a 1960, dukan waɗanda suka riƙe ƙasar nan Musulmi ne. A 1993 aka yi zaɓen shugaban ƙasa na farko mai jam'iyyu da yawa, Mahaman Usman ya ci. Daga ranar har zuwa zaɓen Disamba 2020 da Fabrairu 2021, mai bi na Maraɗi ko na Damagaram yakan shiga layi ya zaɓi ɗaya cikin maƙwabtansa Musulmi. Ashe tambayar ba baƙuwa ba ce a wurinmu.

A ran 26 ga Yuli 2023 sojoji suka karɓi mulki, a watan Maris 2025 kuma aka rushe jam'iyyun siyasa. Kada wannan ya sa ka ce maganar ta wuce. Manomi ba ya jiran saukar ruwan fari kafin ya gyara hauyarsa. Banda haka, a ƙauye ba a rabuwa da zaɓe. Ana zaɓen masu riƙon kuɗin fanfo, da shugaban iyayen ƴan lakwal, da mai riƙon makullin bankin cimaka, da uwar adashin mata. Mudun da za ka auna ƙarami da shi, da shi za ka auna babba.

AIKI BIYU NE, KADA KA GAMA SU

In ikkilisiya za ta zaɓi fasto ko dattijo, bangaskiya ita ce kan gaba. Ka duba 1 Timoti sura 3 da Titus sura 1. Ba a ba wanda bai san Makiyayi ba kiwon tumakin Makiyayi. A nan babu gardama.

Amma magajin gari ko ɗan majalisa ba a zaɓe shi domin ya yi wa'azi ba. An zaɓe shi domin hanya, da rijiya, da lakwal, da magani, da haraji, da raba gardamar manomi da makiyayi a bakin burtali. Manzo Bulus cikin Romawa sura 13 ya kira mai mulki ma'aikacin Allah, wanda aka sa domin ya tsare mai kirki ya hori mai mugunta. Sa'ad da ya rubuta wannan, Niron ne ke sarautar Roma, mai bautar gumaka. Watau aikin mulki aiki ne da Allah yakan ɗora wa mutum ko da mutumin bai san shi ba, kuma a kan aikin za a tambaye shi.

Ka dubi asibitin Galmi, wanda yake aiki tun 1950. Yawancin masu zuwa Musulmi ne. Sun sani sarai na Kirista ne, duk da haka suna kawo ƴaƴansu, gama sun ga ana duba mara lafiya da gaskiya. Kai ma in za ka gina rijiya, gwanin gini kake nema, wanda ba zai cinye kuɗin siminti ba.

Wani zai ce, "Ai shugaba ya fi maginin rijiya, gama doka tana hannunsa, abin da ke zuciyarsa kuwa zai fito cikin dokar." Wannan gaskiya ne. Saboda haka ba mu ce zuciyar ɗan takara ba kome ba ce. Abin tambaya shi ne, ta yaya za ka san zuciyar? Ta wurin sunan addininsa, ko ta wurin aikinsa?

SARKI BIYU CIKIN LITTAFI

Sarki na fari shi ne Sairus na Farisa. Ba Bayahude ba ne, bai tashi cikin Attaura ba. Ya ci Babila a shekara ta 539 kafin haihuwar Almasihu. Cikin Ishaya sura 45 Allah ya kira shi da sunansa, ya ce shi ya naɗa shi, ya kuma faɗa har sau biyu cewa Sairus bai san shi ba. Ezra sura 1 ta ba da labarin abin da sarkin nan ya yi. Ya saki bayin Yahudawa su koma gida, ya ba su izni su sāke gina Haikali, ya mayar musu da kwanonin zinariya da na azurfa waɗanda Nebukadnezzar ya kwashe.

Sarki na biyu shi ne Ahab, ɗan Isra'ila, mai sarautar jama'ar Allah. Ka karanta 1 Sarakuna sura 21. Wani talaka mai suna Nabot yana da gonar gādo kusa da fādar sarki. Ahab ya so gonar, Nabot ya ƙi sayar da gādon kakanninsa. Sai Yezebel matar sarki ta rubuta wa dattawan garin da hatimin mijinta. Ka lura da dabarar da ta yi. Ta sa aka yi shelar azumi, aka tara jama'a kamar za a nemi Allah, aka kawo ƴan shaidar zur biyu suka ce Nabot ya zagi Allah da sarki. Aka jajjefe shi har ya mutu, Ahab ya tafi ya mallaki gonar. Da sunan azumi, da sunan kishin Allah, aka ƙwace gonar talaka.

Ya manomi, da kai ne Nabot, a ƙarƙashin wanne za ka so zama? Wanda ba naka ba ya mayar da abin da aka ƙwace. Wanda yake naka ya kashe ya kuma ƙwace. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

ABIN DA YA FARU A MAƘWABTA

Kada ka ce wannan labarin dā ne. A Cadi, shugaba na fari shi ne Faransuwa Tombalbay, malamin lakwal daga kudancin ƙasar, wanda ya tashi cikin ikkilisiyar masu bishara. Masu bi suna ganinsa nasu ne. A 1973 ya fito da shirin komawa al'adun gargajiya. Ya tilasta wa mazajen kudu, musamman ma'aikatan gwamnati, su shiga daji su yi tsafin da ake kira yondo. Masu bi da yawa suka ƙi, gama lamirinsu bai yarda ba. Aka rufe majami'u, aka kori waɗansu mishan, aka kashe fastoci da sauran masu bi. Tsananin bai tsaya ba sai da sojoji suka kashe shi a ran 13 ga Afirilu 1975. Wanda ya zubar da jinin ƴan'uwanmu a Cadi, da sunan Kirista ya hau kujera.

A Senegal kuwa, ƙasar da yawancin mutanenta Musulmi ne, shugaba na fari ɗan Katolika ne, Leyopol Sengor. Manyan shehunan ɗariƙa suka goya masa baya, har da Halifan Muridiyya, Falilu Mbake. Da aka buɗe babban masallacin Tuba a 1963, Sengor yana wurin. Ba mu ce ba shi da laifi ba, gama ya ɗaure abokin tafiyarsa Mamadu Diya shekaru da yawa. Amma ya riƙe ƙasar shekara 20 ba a yi faɗan addini ba, a ƙarshen 1980 kuma ya sauka da kansa ya bar wa Abdu Juf, Musulmi.

Ka yi tunani a kan wannan. Da Musulmin Senegal sun ce sai nasu, da Sengor bai hau ba. Mu da ba mu kai ɗaya cikin ɗari ba, in muka koya wa ƴaƴanmu cewa kowa ya zaɓi mai addininsa, mun rufe wa kanmu ƙofa ke nan. Ɗanka da ya yi karatu, mai gaskiya, ba zai taɓa zama ko ɗan majalisar gari ba. Muna so maƙwabci ya auna ɗanmu da halinsa. Ubangiji ya koya mana cikin Matiyu sura 7 cewa yadda muke so a yi mana, mu ma haka za mu yi wa mutane. Sai mu auna ɗan maƙwabci da halinsa.

TO, WANDA YA CE BABU ALLAH FA?

Wannan ita ce mai wuya. Zabura ta 14 ta kira mai musun Allah wawa, ba kuwa za mu sassauta abin da Littafi ya faɗa ba. Ransa yana cikin hatsari, ya kamata mu yi masa addu'a mu gaya masa bishara. Amma a kan ƙuri'a sai ka rarrabe iri biyu.

Akwai wanda bai gaskata ba, yana kuma so ya hana kowa gaskatawa. An ga irinsa a Habasha. Sojojin da suka karɓi mulki a 1974, waɗanda Mangistu ya shugabanta har 1991, sun bi koyarwar gurguzu mai musun Allah. Suka rufe majami'u masu yawa, suka ɗaure masu wa'azi. A 1979 suka kashe Gudina Tumsa, babban magatakardan ikkilisiyar Mekane Yesus. Mai irin wannan nufi, ko da ya yi maka alkawarin rijiya a kowace ƙofa, kada ka ba shi.

Akwai kuma wanda bai gaskata ba, amma bai hana kowa sujada ba. A Urugwai ta Amurka ta Kudu, Hose Muhika ya yi shugabanci daga 2010 zuwa 2015. Ya faɗa da bakinsa bai gaskata da Allah ba. Ya ƙi zama a fādar gwamnati, ya zauna a ƴar gonarsa, yana ba da yawancin albashinsa domin matalauta. Masu kiran sunan Allah da yawa da suka hau mulki sun ji kunya a gabansa. Romawa sura 2 ta bayyana dalili, gama Allah ya sa lamiri cikin zuciyar kowane ɗan Adam, har wanda bai san Shari'a ba. Duk da haka, shi ne ya sa hannu a dokar halatta zubar da ciki a 2012, da ta sayar da tabar wiwi a 2013, abubuwan da mai bi ba zai yi na'am da su ba. Ka ga ashe abin da mutum ya gaskata yakan biyo shi har cikin ofis. Saboda haka kada ka tsaya a kan suna. Ka tambaya, wace doka zai yi, wace kuma zai rushe?

Ka yi hankali kuma da jita-jita. A lokacin neman ƙuri'a, kalmar "kafiri" sanda ce da akan ɗauka a bugi abokin takara. Da ita aka kashe Nabot. Kada bakinka ya ɗauki abin da idonka bai gani ba.

MA'AUNI HUƊU

Cikin Fitowa sura 18, Yetro surukin Musa, wanda shi kansa Bamadayane ne, ya ba Musa shawara a kan irin mutanen da za a ɗora bisa jama'a. Ya ambaci abu huɗu. Ka riƙe su.

Na ɗaya, iyawa. Mutumin kirki wanda bai iya aikin ba zai bar ɓarayi su yi yadda suka ga dama a bayansa. Ya taɓa riƙe wani abu ya gyaru a hannunsa?

Na biyu, tsoron Allah. A nan ne mutane sukan ruɗe, gama sukan auna shi da carbi, ko da babban Littafi a hammata, ko da yawan "in Allah ya yarda". Tsoron Allah yana bayyana sa'ad da mutum yake da iko ya yi zalunci, ba mai ganinsa, ya kuwa fasa. Ka tambayi gwauruwar da gonarta take iyaka da tasa. Ka tambayi barorinsa ko yana biyansu a kan kari. Ubangiji ya koya mana a gane itace ta wurin ƴaƴan da yake bayarwa.

Na uku, gaskiya. Abin da ya faɗa a Tawa, shi ya faɗa a Yamai? Alkawarin da ya yi wancan karo, ina ya kwana? In ya ci bashi yana biya?

Na huɗu, ƙin rashawa. A shekarun yunwa, kamar 2005 da 2010, an yi rabon cimaka a ƙauyuka. Buhunan da suka bi ta hannunsa, sun isa gidajen mayunwata, ko a kasuwa aka gan su? Mutanen garinsu sun sani. Hali zanen dutse ne, kujera ba ta kankare shi.

A kan waɗannan sai mu ƙara tambaya ɗaya da ta shafe mu ƙwarai. Zai tsare ƴancin kowa ya yi sujada bisa ga lamirinsa? Tsarin mulkin 2010, wanda aka dakatar a 2023, ya raba gwamnati da addini, ya hana kafa jam'iyya a kan addini ko kabila, ya kuma ce shugaba ya rantse da littafi mai tsarki na addininsa. In ɗan takara ya zo garinku, ku tambaye shi cikin ladabi ra'ayinsa a kan wannan. Musulmin da zai tsare majami'arka da masallacin maƙwabcinka ya fi maka mai sunan Bitrus wanda zai sayar da su duka biyu.

In kuwa mai bi ya tsaya, ya cika ma'aunin nan, ka ba shi da farin ciki. In bai cika ba, kada ka ba shi don kunya. Kirista ɓarawo a kujera yakan jawo wa sunan Almasihu zagi a gari duka, har shekaru bayan ya sauka.

TARKO BIYU

Tarko na fari tsoro ne. Ba mu manta da 16 da 17 ga Janairu 2015 ba, sa'ad da aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai. Ƴan sanda sun lissafta majami'u 45 a Yamai kaɗai, mutum 10 kuma suka mutu a biranen biyu. Wanda ya ga wannan, ba abin mamaki ba ne in ya ce, "Ba ni da kowa sai nawa." Amma ka tuna kuma, a kwanakin nan akwai Musulmin da suka buɗe ƙofofinsu suka ɓoye maƙwabtansu Kirista. Masu ƙonawa da masu ɓoyewa alƙibla ɗaya suke duba. Abin da ya raba su hali ne. Irmiya sura 29 ta umarci bayin da ke Babila su nemi lafiyar garin da suke zaune su yi masa addu'a, domin lafiyarsu tana ɗaure da tasa. Mu kuwa ba baƙi ba ne a nan, ƙasar kakanninmu ce.

Tarko na biyu kwaɗayi ne. Za su zo da jika biyu, da sabulu, da sukari, da turmin zane domin zumuntar mata. Wani zai ce zai rufa muku majami'a da kwano. Wanda ya sayi ƙuri'arka, daga kuɗin maganin ƴaƴanka zai fanshe. Isuwa ya sayar da gādonsa na ɗan fari saboda ƙwarya ɗaya ta abinci, daga baya ya nema da hawaye bai samu ba. Gara mu yi sujada a rumfar kara da lamiri mai tsabta.

Ku fastoci da dattawa ƴan'uwana, ku koyar da ma'auni, amma kada ku kira sunan ɗan takara a wurin wa'azi. Kai maigida, ka yi shawara da matarka da ƴaƴanka da suka isa, amma kada ka tilasta musu, gama kowa zai ba da lissafin kansa. In ɗan'uwa ya auna ya zaɓi wani dabam da naka, har yanzu ɗan'uwanka ne, tare za ku ci Jibin Ubangiji. Wanda ya hau kuma, ko kai ka zaɓe shi ko ba kai ba, 1 Timoti sura 2 ta ce a yi masa addu'a. In ya umarce ka ka yi abin da Allah ya hana, sai ka tsaya kamar Daniyel da abokansa, cikin ladabi, ba da tawaye ba.

KAI FA?

Ya mai karatu, mun daɗe muna auna bangaskiyar waɗansu. Akwai ranar da za a auna taka. A ranar ba za a tambaye ka sunan da iyayenka suka raɗa maka ba, ko majami'ar da aka rubuta ka. Ahab ɗan Isra'ila ne, Tombalbay kuma ya zauna a kan bencin majami'a. Ba shugaban da zai iya gafarta zunubi, ba kuwa ƙuri'ar da za ta sāke zuciya. Yesu Almasihu kaɗai ne Sarkin da bai karɓi kome a hannun talakawansa ba, ya ba da ransa dominsu, ya kuma tashi daga matattu. Ka ba da gaskiya gare shi? In ba ka yi ba, kada ka jira gobe. Ka nemi fasto ko wani dattijon ikkilisiya kusa da kai ku yi magana.

In kana so, ka yi wannan addu'a tare da iyalinka:

Ya Ubanmu, kai ne kake naɗa masu mulki kake kuma tuɓe su. Ka ba ƙasarmu Nijar shugabanni masu adalci, masu jin kukan talaka. Ka ba masu riƙe da ita hikima. Ka tsare mu daga tsoro da kwaɗayi da shaidar zur. Ka koya mana mu auna mutum da gaskiya, mu ƙaunaci maƙwabtanmu, mu zauna lafiya da su. Ka binciki zukatanmu, ka sa aikinmu ya yi daidai da sunan da muke ɗauke da shi. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.